Inshorar kamfani bayan ritaya: inda ta tsaya mana da inda ta sake mu

Wannan bayani ne kan tsarin da wani kamfanin inshorar lafiya, irin waɗanda ake kira HMO, yake sayar wa mutanen da suka yi ritaya daga ma'aikatun da yake hulɗa da su. Shekara biyu muka yi a kai, ni da uwargida. Idan abin da kake tsoro shi ne ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciyar asibiti ta ba-zata, kuɗinka ba zai tafi a banza ba. Idan kuwa magani mai tsada ne yake cin aljihunka duk wata, ka nemi layin da suka rubuta iyakar kuɗin magani na shekara kafin ka sa hannu, domin a kan wannan layin ɗaya tsarin ya rataya. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Na ga takardun wasu kamfanonin a hannun tsofaffin abokan aikina, lambobin ciki ne kawai suka bambanta.

Akawu ne ni. A wata masana'anta da ke Bompai na yi aiki har na cika shekara 60 a ƙarshen 2023, kuma ni nake shirya takardar biyan kuɗin inshorar ma'aikata duk shekara, saboda haka na san abin da kamfani yake biya a kan kowane kai. Da suka kawo mini farashin ci gaba da zama a tsarin da kuɗina, sai na ga ya kusa ninka wancan biyu. Na mutum biyu, a shekara, ya kai fanshona na wata uku. Ban ga laifinsu a nan ba, lissafi ne. A masana'anta samari ne suka fi yawa, wani sai ya shekara bai taka asibiti ba, kuɗin da aka biya a kansa shi yake ɗauke da irinmu. Ranar da ka fita daga cikin taron, kai kaɗai za a auna, da shekarunka da cutarka.

Abin da ya sa na biya duk da haka shi ne Hajiya. Ta daɗe da ciwon suga, kuma takardarsu ta ce sabon shiga mai tsohuwar cuta sai ya shekara yana biya kafin su fara ɗaukar nauyin maganinta. Wanda ya zarce daga tsarin ma'aikata ba tare da ya tsinke ba, wannan jiran bai shafe shi ba. Wannan shi ne ainihin abin da suke sayarwa, kuma sun san darajarsa.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. Katin yana aiki. Asibitin kuɗin da muke zuwa a Nasarawa ba su taɓa yi mana kallon 'yan alfarma ba, kuma duk mazaunin Kano ya san ba kowane kati ake yi wa wannan karɓar ba. Gwajin nan na jini da ke nuna yadda suga ta kasance a wata uku, gwajin ƙoda, duba ido sau ɗaya a shekara, duka ana yi ba tare da na ciro ko sisi ba. Akwai daren da zazzaɓi ya kayar da Hajiya suga ta hau, muka isa asibiti bayan sallar isha'i. Ba wanda ya ce in ajiye kuɗi kafin a ba ta gado. Ma'aikaciyar jinya ta tura buƙata, lambar izini ta iso kafin a gama sa mata ruwa. A Afrilun 2025 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta umarci kamfanonin HMO su riƙa ba da wannan izinin cikin awa ɗaya, amma waɗannan tun kafin umarnin ba su cika ja mana rai ba. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin teburin kashiya da dare yana kiran 'yan uwa su turo kuɗi ya san abin da wannan yake nufi.

Yadda suke kawo allurar insulin ma abin yabo ne. Ɗan aike ne yake kawowa a babur cikin kula da ƙanƙara, kuma sai na taɓa kwalin na ji sanyinsa nake sa hannu. Ba ƙaramin abu ba ne. Insulin da ba a buɗe ba tana son sanyin firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8, irin ta Hajiya kuma in an fara amfani da ita kwana 28 take yi, bisa sharaɗin zafi bai wuce digiri 30 ba. A garin da ake haura 40 a watan Afrilu, kuma wuta sai ta ga dama, maganin da ya yini a jakar ɗan babur ba kula ya zama ruwan banza mai tsada.

To, a wajen kuɗin maganin ne gizo ke saƙar.

Hajiya tana yin insulin mai dogon zango, glargine, irin ta biro, sau ɗaya da dare. Kowane biro yana ɗauke da awo 300. Tana yin 24, a ƙara 2 da ake fesarwa don gwada allura, 26 ke nan. Biro ɗaya bai cika kwana 12 ba. A shekara biro 32, wato kwali 6 da ɗoriya tunda biyar ne a kwali. Sai ƙwayar da likita ya ƙara mata don kare ƙoda da zuciya, dapagliflozin, ita ma ba ta talaka ba ce. Sai metformin, ƙwayar suga, sai maganin hawan jini da na kitsen jini. Kan allura da tsinken gwajin suga ba sa cikin tsarin ko kaɗan, mu muke saya. Duk sauran kuma daga buhu ɗaya ake ɗiba, wanda suka kira kuɗin magungunan cuta mai ɗorewa, kuma buhun yana da ƙasa.

Lokacin da nake aiki ba mu taɓa jin ƙasan buhun ba, saboda kamfaninmu babban tsari ya saya, farashin magani kuma yana nan inda muka san shi. Sai komai ya haɗu lokaci guda. A Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira, dalar da ake lissafawa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da daina sayar da magungunansa da kansa a Najeriya, a Nuwamba Sanofi, mai yin insulin glargine da ake kira Lantus, ya ce shi ma zai miƙa rarraba nasa ga wani kamfani. Duk maganin da ake shigowa da shi ya tashi. Shugaban ƙasa ya sa hannu a wani umarni a tsakiyar 2024 na cire haraji daga kayan haɗa magani, wanda zai fi taimaka wa masu haɗawa a cikin gida, amma biron Hajiya daga waje yake zuwa a haɗe. Farashin magani ya yi tsalle, iyakar da kamfanin inshora ya rubuta kuwa taku ɗaya ta yi.

A shekarar farko, a wata na biyar aka kira ni. Yarinyar da ke kula da fayil ɗinmu ce, mai ladabi ƙwarai.

"Baba, ina wuni. Na kira ne in sanar da ku cewa kuɗin maganin Mama na bana ya ƙare."

Na ce, "'Yata, shekarar ko rabi ba ta yi ba."

Ta ce, "Haka ne Baba, wallahi ba daga ni ba ne. Ganin likita da gwaji suna nan yadda suke, maganin ne kawai sai shekara ta zagayo."

Gaskiya ta faɗa, kuma yana rubuce a takardar da na sa wa hannu. Ƙorafina ba a kan iyakar ba ne, kowane ɗan kasuwa yana da inda hannunsa ya tsaya. Ƙorafina biyu ne. Na farko, ba wanda yake gaya maka saura nawa sai ranar da ya ƙare. Banki yana turo saƙo in an cire maka naira hamsin, su kuwa da suke riƙe da lissafin maganin da rai ya dogara a kai ba sa turo komai sai ka kira ka tambaya. Na biyu, farashin da suke cire maganin da shi daga buhun ya fi wanda nake samu a famasin unguwarmu a Hotoro. Na nemi su bar ni in saya da kaina in kawo rasit su biya ni, don kuɗin ya ƙara nisa, suka ce tsarinsu bai yarda ba. Wato kuɗin naka ne a takarda, amma su ne masu sayarwa kuma su ne masu yanka farashi.

Sun ba da shawarar a mayar da ita kan insulin ta kwalba, mai haɗin 70/30 da ake yi safe da yamma. Kwalba ɗaya awo 1,000 ce kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Mutane da yawa suna kanta lafiya lau, ba maganin banza ba ce. Amma Hajiya daga kanta aka ɗauke ta shekarun baya, saboda sugarta tana faɗuwa cikin dare, ta farka da gumi da rawar jiki. Likitanta ya ce shi ba zai mayar da ita ba sai in ba yadda za a yi. Ita kuma da na kawo mata zancen cewa ta yi, "Alhaji, in dai don kuɗi ne a sayar da awarwarona, amma ba zan koma kwana da dabino a ƙarƙashin filo ba." Magana ta ƙare a nan.

Daga nan na waiwayi ɓangaren gwamnati, kuma abu na farko da ya kamata ɗan fansho ya sani shi ne Najeriya ba ta da inshorar da kake faɗawa cikinta kai tsaye don kawai ka tsufa. An kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, da dokar 1999, ta fara aiki a 2005, kuma ma'aikata masu albashi aka gina ta dominsu: ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, inshorar lafiya ta zama wajibi a kan kowa, a takarda dai. Akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta tanada, kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma tsofaffi marasa galihu suna cikin waɗanda ake yi wa rajista kyauta da shi. Jihar Kano tana da tata hukumar, KSCHMA, da aka kafa da dokar 2016. Amma mai fanshon kamfani irina, wanda bai yi arzikin da zai share kuɗin magani ba kuma bai kai talaucin da za a sa shi a jerin marasa galihu ba, ƙofar da na ga ta fi dacewa da shi ita ce GIFSHIP, tsarin NHIA na ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi da aka ƙaddamar a 2020. Da naira 15,000 a kan kowane mutum a shekara ya fara. An ƙara kuɗin daga baya, amma ko da ƙarin, abin da muka biya mu biyu bai kama ƙafar na HMO ba. Ba wanda ya kore mu saboda shekaru ko saboda suga. Sai dai ba ranar da ka biya kake fara amfana ba, akwai jiran makonni kafin sunanka ya fito a asibitin da ka zaɓa, don haka wanda zai sauya kada ya bari tsohon katinsa ya mutu tukuna.

Ƙa'idar magani a nan daban take. Kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin kake biya, inshora ta biya sauran, matuƙar maganin yana cikin jerin da hukuma ta amince da shi, kuma jerin da sunan sinadarin magani yake tafiya, ba da sunan kamfani ba. A takarda wannan ya fi na HMO sau goma ga mai cuta mai ɗorewa. A aikace, sai ka yi sammako bayan asuba ka kama layi, likitan da ka gani wancan watan ba lallai shi za ka tarar ba, sannan ka isa tagar famasi a karɓi takardarka a rubuta O.S. a gefen maganin da ya fi tsada, wato babu shi a ƙasa. Rijiya ta bayar, guga ya hana. A asibitin da muka zaɓa, metformin da amlodipine ta hawan jini da maganin kitsen jini ba su cika yankewa ba, insulin ta kwalba ma ana samu. Biron Hajiya ne ban taɓa fitowa da shi ta wannan tagar ba.

Yayana yana Amurka, a jihar Maryland, ya cika 65 a 2025, kuma shi ma mai suga ne, gadon gidanmu ne. Da muke waya na tarar irin wannan lissafin yake yi, sai dai nasu dokokin a fayyace suke. Akwai dokar da suke kira COBRA, wadda ta ba wanda ya bar aiki a kamfani mai ma'aikata 20 ko fiye damar ci gaba da inshorar kamfanin har wata 18, amma shi zai biya duka, nasa kason da na kamfani, har da ƙarin kashi 2 na ɗawainiya. A ɗaya hannun ga Medicare, inshorar gwamnati ta 'yan shekara 65 zuwa sama da aka kafa tun 1965, wadda aka ƙara mata sashen magani, Part D, a 2006. Tarkon da ya ce mutane suna faɗawa shi ne su zauna a kan COBRA suna ganin suna da inshora, alhali wata 8 kawai doka ta ba su daga ranar barin aiki su shiga sashen ganin likita, Part B. Wanda ya makara, kowace cikakkiyar shekara ta jinkiri tarar kashi 10 ce a kan kuɗin wata, kuma ba ta sauka har ƙarshen rai. Sashen magani ma yana da tasa tarar in mutum ya yi kwana 63 ba inshorar magani mai inganci. Akwai kuma asarar da ya yi: takardun rangwamen da kamfanonin magani suke ba masu inshorar wurin aiki ba sa aiki da Medicare. Sannan Medicare ba ta bin mutum zuwa Kano, shi kuwa niyyarsa ya riƙa yin rabin shekara a gida.

Duk da haka Medicare ya zaɓa, kuma dalilinsa ne ya tsaya mini a rai. Wata dokar 2022 ta ce mai Medicare ba zai biya fiye da dala 35 a wata a kan kowace insulin da tsarinsa ya ɗauka ba, kuma daga 2025 in abin da ya fita daga aljihunsa na magungunan Part D ya kai iyakar da aka sa ta shekara, wadda dala 2,000 ce a 2025, shi ke nan, inshora ce za ta ci gaba da biya.

Na ce, "Yaya, maimaita mini. Iyakar a kan wa take?"

Ya ce, "A kaina mana, Akawu. In na kai nan na huta."

A can an sa wa abin da majiyyaci zai biya iyaka, abin da ya haura na inshora ne. A takardar da ke hannuna an sa wa abin da kamfani zai biya iyaka, abin da ya haura nawa ne. Dukansu inshora ake kiransu, amma ɗaya majiyyaci take karewa daga babban kuɗi, ɗayar kamfani take karewa. Ba ina cewa can aljanna ba ce, Yaya ya riƙa biyan dala 185 duk wata a 2025 na Part B kaɗai, kuma kashi 20 na kuɗin likita yana kansa sai in ya sayi wata inshorar ta cike gibi. Amma ya san mafi munin abin da magani zai ci masa a shekara tun daga Janairu. Ni abin da na sani tun daga Janairu shi ne mafi yawan abin da za a taimaka mini da shi.

Yanzu ga yadda muka tsara. Ni na fita daga HMO gaba ɗaya. Hawan jini ne kawai da ni, amlodipine kuma ba ta kai a biya mata kuɗin wata ɗaya da rabi na fansho ba, katin gwamnati ya ishe ni. Hajiya tana riƙe da kati biyu, kuma na tambayi ɓangarorin biyu ba wanda ya ce haramun ne. Ƙananan magungunanta duka daga tagar gwamnati muke karɓa da kashi 10. Na rubuta wa HMO cewa kada a sake cire ko ƙwaya ɗaya daga buhunta sai biron insulin. Da wannan dabarar kuɗin da yake ƙarewa a wata na biyar ya kai mu wata na bakwai. Dapagliflozin da ragowar watannin insulin, ni da yara muke haɗawa. Mai famasin unguwarmu yana ɗauko mana kwali guda a farashin sari daga kasuwar magani ta Dangwauro da ke titin Zariya, inda aka mayar da 'yan maganin Sabon Gari a 2024. Na zaɓe shi ne don firij ɗinsa a kan sola yake, kuma ba ya jin haushi in na tsaya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Me ya sa ban cire ta daga HMO ɗin ba tunda lissafin magani bai fita ba? Saboda abin da suke biya na insulin da gwaje-gwaje yana dawo mini da fiye da rabin kuɗina, ragowar kuma kuɗin wancan daren ne da aka ba ta gado ba a tambaye ni ajiya ba. Kuma in ta fita yau, gobe sabuwar shiga ce, sai ta shekara tana jira.

Wanda takardar ritayarsa ta kusa fitowa, kada ya tsaya tambayar nawa ne kuɗin shekara kawai. Ya kwashi kwalayen magungunan gidansa ya kai ofishinsu, a duba kowanne da sunansa, a rubuta masa ko suna bayarwa, da farashin da za su cire, da iyakar shekara, da shekarun da in ya kai za su daina sabunta masa. Ya raba iyakar da kuɗin maganinsa na wata, zai ga watan da za a kira shi. Ya je famasin asibitin gwamnatin da yake son zaɓa ya tambayi mai ba da magani, ba mai yin rajista ba, yaushe rabon da su ga irin nasa. Mai hawan jini kaɗai ko suga ta ƙwaya, ban ga dalilin da zai biya kuɗin HMO ba sai in layi ne ba ya iyawa. Mai insulin ta biro, ko maganin dashen ƙoda, ko na daji, kati ɗaya ba zai ɗauke shi ba ko wanne ne.

Da muka je sabuntawa ta bana na sake roƙon su riƙa turo saƙon abin da ya rage bayan kowace kawowa. Yarinyar ta ce ta tura buƙatar babban ofishinsu na Legas. Kafin su amsa, na buɗe wa biron Hajiya shafi a littafin lissafina, ina cirewa da kaina.